Rasuwar Ponkichi, Babur Mai Jinin Tsere

Da zuciya mai nauyi, wadda baƙin ciki ya cika har baki, iyalan Totsuka Isaburo, mai awara na layin bayan gada a nan Hamamatsu, suna sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan ciniki rasuwar babur ɗinsu kuma abokin tafiyarsu, wanda duk unguwa ta sani da suna Ponkichi. Rai ya yi halinsa ne da hantsin ranar Talata, a rumfar da ke gefen shago, bayan doguwar jinya da marigayin ya ɗauka da haƙuri, har ba a taɓa ganin alamarta a jikinsa ba. Ya bar duniya yana da shekara hamsin da biyar. Ƙungiyar unguwa ce ta ɗauki nauyin rubuta wannan takarda, wadda za ta zagaya gida-gida a allon sanarwa kamar yadda aka saba, domin hannun maigidan ba ya riƙe alƙalami sosai a 'yan kwanakin nan, saboda alhini.

Marigayi ɗan babban gida ne, kuma an roƙi a faɗi wannan tun da farko, kada wani ya tuna akwatin awara a bayansa ya raina masa asali. An haife shi a shekarar 1969 a masana'antar Shirasagi mai tambarin balbela. Kakan kakanninsa injin ban-ruwa ne na gonakin shinkafa. Bayan yaƙin duniya na biyu, mai kamfanin ya ɗaure irin wannan inji a jikin keke, ya hau, ya zarce cikin kwata, ya fito sharkaf ya tara ma'aikatansa su goma sha tara, ya ce nan da shekara goma za su je har ƙasar Turawa su ci su a tsere. Ma'aikata suka rusuna suka ce to. Sai a shekara ta goma sha ɗaya suka ciwo kofin, shi kuwa mai kamfani ya fito a jarida yana neman afuwar jama'a kan jinkirin shekara guda. Daga nan gidan ya bunƙasa, ya shiga ƙera motoci, kofuna suka yi yawa har sai da aka gina musu ɗaki nasu. A wannan zuri'a aka haifi Ponkichi. A ɓangaren masu aikin ƙarfi ya fito, gaskiya ne, amma balbelar da ke jikin tankinsa ita ce dai a jikin masu cin kofi.

Isaburo bai taɓa bari a manta da haka ba. Bangon shagonsa cike yake da hotunan 'yan tsere da ya yanka daga mujallu, kowanne da shekararsa, har tururin waken suya ya mayar da su launi ɗaya. Wanda ya shiga sayen awara biyu yakan fito da awara biyu da cikakken tarihin tseren 1961, kwana bayan kwana, da wanda ya faɗi da wanda ya tashi. Matarsa Kinue ta koyi miƙa wa mai saye kayansa ta bayan maigidan, ta yi masa alama da ido ya sulale.

A gefen gudu kuwa, marigayi ya kasance mai kamun kai irin wanda ba a cika samu a danginsa ba. Agogon gudunsa an rubuta masa har casa'in, amma allurar ba ta taɓa haye talatin ba, domin awara mai laushi ba ta yafe birki kuma ba ta yafe rami. Duk da haka, idan sun zo kwanar gada Isaburo yakan kwantar da kafaɗa ya fitar da gwiwa kamar yadda yake gani a hotunan bango, 'yan makaranta a kan keke suna wuce su suna gaisuwa. Shekara hamsin da biyar suna rabo, ruwa da rana, ba a taɓa kai wa kowa awara da tsagi a jikinta ba. Wannan shi ne kofin da marigayi ya ci, ko da yake maigidansa ya fi son a yi maganar ɗayan.

Ɗayan kuwa ga yadda yake. A shekarar 1971, a filin tsere na hayin tafki, Isaburo ya kai awara ɗakin girkin 'yan wasan kamfani. Ana saura minti kaɗan a tashi, notin salansar babur mai lamba goma sha huɗu ya faɗa cikin tsakuwa ya ɓata. Bakaniken ƙungiyar, Osuga Rokuro, ya waiga ya ga babur ɗin mai awara a jingine, da balbela a tankinsa. Bai tambayi kowa ba, ya sa sifana. Lamba goma sha huɗu ya tafi da notin Ponkichi, shi kuma Ponkichi ya koma gida da salansa ɗaure da waya. Isaburo bai taɓa sayen wani noti ya mayar ba. Wayar ce yake canjawa duk shekara, kuma ita yake fara nuna wa baƙo. A bakinsa lamba goma sha huɗu ya zo na uku har zuwa wajen 1985, daga nan ya koma na biyu, kuma tun da kunnen Osuga ya fara nauyi yake zuwa na ɗaya.

Osuga ya bar kamfani ya buɗe gareji a ƙarshen layinmu, shi ya zama likitan marigayi har ƙarshen rayuwarsa. Duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar shago ya san hirarsu, don ba ta canjawa.

"Ba don mu ba, da kamfanin nan har yau famfo yake sayarwa," in ji Isaburo.

"Noti ɗaya fa, mai awara. Ɗaya tal."

"To ɓarawon noti, tunda ɗaya ne tal, dawo min da abina."

Unguwa za ta daɗe ba ta manta muryar marigayi ba. Pon-pon-pon-pon, a hankali, ba gaggawa, ƙarfe bakwai saura kwata daidai, daga nan ya samo sunansa. Matan layi da shi suke ɗora miya. Ranar sanyi yakan yi tari sau ɗaya, kuf, irin na dattijo mai neman izinin magana, sannan ya ɗauka. Wayar salansa tana yi masa amshi, kar-kar-kar. Bai taɓa yi wa kowa tsawa ba, bai taɓa ƙin tashi ba, bai taɓa kwana a hanya ba.

Ciwon ajali ya fara masa ne shekara uku da suka wuce, kuma ciwo ne mai ban mamaki. Ganinsa ne ya fara rauni. Sau uku yana kwashe tukwanen furen maƙwabciyarsu, Uwargida Hirade, waɗanda suke wuri ɗaya tun kafin a yi wa layin kwalta. Duk ukun ita ta fara zuwa da sassafe ta tambayi jikin babur, ta nemi afuwar ajiye tukwane a inda bai dace ba, a na ukun ta shigar da su cikin gida. Sai kunnensa ya biyo baya, mota ta yi ta hon a bayansa yana tsakiyar titi abinsa. Daga baya mantuwa ta shigo. Yakan bar sigina tana ƙyaftawa tun daga gada har tasha. Yakan wuce ƙofar gidan da ya shekara arba'in yana tsayawa. Wata safiya ma ya ɗauki maigidansa ya kai shi har ƙofar tsohon ɗakin girki na filin tsere, wanda aka rufe tun 1994, suka tsaya nan su biyu da awara takwas suna jiran a buɗe. Babu bakaniken da ya taɓa jin irin wannan ciwo a jikin babur, amma a layinmu ba a samu marar kunyar da ya faɗi haka a gaban maigidan ba.

Mutum ɗaya ce ta faɗa, 'yarsa Chizuru, wadda ke aure a Nagoya tana zuwa duk wata. Ita ma ta yi kuskuren faɗa a cikin shago, masu saye huɗu suna tsaye da kwanukansu.

"Baba, na roƙe ka, ka kai lasin nan ofishin 'yan sanda ka huta. Tamanin da uku fa. Sa'o'inka duk sun mayar da nasu, har takardar yabo aka ba su."

"Sa'o'ina ba su da jinin tsere a rumfa."

"Haba Baba! Wata rana za ka take ɗan mutane."

"A gudu talatin? Ke dai ki ce kin gaji da ganina a titi. To buɗe kunnenki ki ji. Ranar da Ponkichi ya mutu, ranar zan ajiye lasin, ba sai kin roƙe ni ba. Amma ba zan bar shi da ransa a rumfa in koma tafiya a ƙasa kamar wanda aka sallama daga aiki ba."

Maganar da dattijo ya yi a gaban masu sayensa ba ta komawa ciki, ko shi kansa ya so. Chizuru ta koma Nagoya da ɗan sanyi a ranta, tana ganin babur mai shekara hamsin da ɗoriya kwana nawa ya rage masa. Ba ta san gidan Shirasagi ba. Damina ta wuce, sanyi ya wuce, wata daminar ta zo, Ponkichi yana tashi a bugu ɗaya kamar jiya aka fito da shi daga kwali. A nan jama'a suka gane illar kamfanin da ke ƙera kaya tsakaninsa da gaskiya. Har gareji ta je a ɓoye ta roƙi Osuga ya ɗan taɓa wani abu a ciki yadda ba za a gane ba. Tsohon ya ce mata, "'Yata, ni gyara na koya. Ɓatawa ban san ta inda ake farawa ba." Ta fito tana kuka, kuma unguwa ba ta ga laifinta ba, don mu ma duk safiya da fargaba muke sauraron pon-pon ɗin nan har ya dawo.

Ranar Litinin da ta wuce, ƙarfe takwas saura, a mararrabar makarantar firamare, jar wuta ta kama, marigayi bai gan ta ba. Yara suna tsallakawa a jere da hulunansu rawaya. Birkinsa ya kama nan take, abin da ya ba kowa mamaki ga mai jinya irin tasa, tayar gaba ta tsaya bai fi taƙi ɗaya ba tsakaninta da jakar wata yarinya. Babu wanda ya ji ciwo. Akwatin ne ya kife, awara goma sha biyu suka tarwatse a kan kwalta, farare fat, karo na farko a shekara hamsin da biyar. Yarinyar ta dubi awarar, ta dubi tsohon, ta rusuna ta ce, "Kaka, yi haƙuri, na ɓata maka kaya."

Waɗanda suka gani sun ce Isaburo ya cire hular kwanonsa ya sunkuya, kuma har yara suka shige makaranta aka rufe ƙofa bai ɗago ba. Bayan nan ya tsince awarar da hannunsa, ya kama kan babur ya turo shi har gida, tafiyar kilomita biyu, bai hau ba. Kinue na ganinsa a ƙasa ta ajiye abin da ke hannunta. Ya jingine babur a rumfa, ya daɗe yana gyara masa tsayuwa, sannan ya ce, "Ponkichi ba shi da lafiya. Gobe ki kira min ɓarawon noti."

Osuga ya iso da hantsin Talata da akwatin kayan aikinsa. Ya tarar da maigidan a tsaye riƙe da ginshiƙin rumfa, ya riga ya sa baƙar rigarsa ta zuwa jana'iza. Likitan ya durƙusa. Ya kwance filogi ya duba, ya mayar. Ya duba baƙin mai a hasken rana, ya taɓa sarƙa, ya matsa tayoyi, ya kara kunnensa mai ɗan ji a jikin tanki. Daga ƙarshe ya miƙe ya ɗora ƙafa a kan kik. A nan ya ɗaga kai ya dubi abokinsa na shekara hamsin da uku, ya dubi baƙar rigar da ke jikinsa. Ya sauke ƙafarsa a hankali, ya cire hula.

"Mai awara, sai haƙuri. Ya riga ya tafi."

"Na sani. Na ji a muryarsa tun jiya." Can Isaburo ya ce, "Ya wahala?"

"Ko kaɗan. Shi bai ma san ya tafi ba."

Marigayi ya bar maigidansa Isaburo, wanda tun ranar bai ba kowa labarin tseren 1961 ba, har mun fara kewarsa. Ya bar Kinue, da Chizuru da mijinta, da likitansa Osuga. Ya bar hular kwano ɗaya, akwatin awara mai lanƙwasa a kusurwa, da ƙullin waya da zai ishi salansa shekara ashirin nan gaba. Ya bar ƙanne da jikoki ba adadi a ƙasashen duniya, wasu suna ɗaukar tukwanen gas, wasu iyali guda har da kaka. Ya kuma bar notinsa guda ɗaya, wanda iyalai suka haƙiƙance yana nan a gidan tarihi na kamfani, a jikin lamba goma sha huɗu, bayan jar igiya, ana kunna masa fitila ana hana yara taɓa shi. Tun da ya samu wannan ɗaukaka bai taɓa leƙo gida ba, iyalai kuma sun ce sun yafe masa.

An sanar da dangin marigayi na wajen uba, kuma sun amsa cikin kwana biyu, a takarda mai kauri. Sun yi godiya matuƙa bisa shekara hamsin da biyar na amana. Sun ce sun bincika kundinsu da iyakar ƙoƙari ba su ga inda aka ambaci noti ba, lamba goma sha huɗu kuma a wurinsu na shida ya zo. Sun haɗo da ɗan tawul mai tambarin balbela, da littafin hotunan sababbin kayansu, an naɗe kunnen shafin da ke nuna keken lantarki mai ƙafa huɗu na tsofaffi. Kinue ta ba maigidan tawul ɗin, sauran ta sa a ƙarƙashin tukunya.

Za a yi addu'ar ban kwana ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a rumfar da ya rasu. Malamin haikalin unguwa, wanda duk shekara yake yi wa karyayyun allurai da tsofaffin 'yan tsana addu'ar godiya, ya karɓi aikin ba gardama. Da ya zo cike takarda ya tambayi sanadi, Osuga ya ce tsufa. Malamin ya dubi babur yana ƙyalli, ya dubi maigidan, ya rubuta tsufa, bai tambayi na wane ne ba. Za a ajiye awara guda lafiyayya a gaban marigayi. Turaren wuta kuwa a bakin titi za a kunna shi, taku goma daga rumfa, domin Isaburo ya ƙi yarda a juye man tanki, ya ce ba a sallamar abokin tafiya da ciki wayam. Ba za a kai shi ko'ina ba. Zai ci gaba da zama a rumfarsa lulluɓe da farin ƙyalle, maigidan kuma zai riƙa goge shi duk safiya kamar yadda ake kula da makwancin iyaye.

Bayan addu'a, da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi, Isaburo zai hau bas mai lamba takwas tare da 'yarsa, zuwa wani ɗan uzuri a cikin gari wanda bai shafi kowa ba. Ana roƙon maƙwabta kada a samu mai shara ko mai ban-ruwan fure a ƙofar gida a wannan lokaci, haka ma lokacin dawowarsa. Shago zai ci gaba da buɗewa, amma rabo gida-gida ya ƙare. Mai son awara ya zo da kwanonsa, kuma idan da hali ya tambayi yadda aka yi a tseren 1971, ya zauna ya ji har ƙarshe. Lamba goma sha huɗu na ɗaya ya zo.

Saura roƙo ɗaya, kuma shi ne mafi girma. Ranar Laraba, ana gyara wa marigayi kwanciya, mijin Chizuru, wanda mutumin Nagoya ne bai san kan abubuwa ba, ya ɗora ƙafa a inda bai kamata ba. Mutum shida ne a rumfar, kuma an ce wani sauti ya tashi, a hankali, ba gaggawa, ko tari babu. Kinue ta ce, "Injin wankin Hirade ne ya soma halinsa." Uwargida Hirade, wadda ke tsaye a wurin, ta ce lallai kuwa ta bar shi a kunne, ta ruga gida kashewa. Osuga ya miƙa hannu ya murɗa makulli. Isaburo ya ba su baya yana tsince wake, bai juyo ba, sai dai hannunsa ya tsaya a cikin kwaryar har sautin ya ɗauke.

Saboda haka ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, manya da yara, su rusuna daga nesa, su yi addu'arsu, kada kowa ya kusanci kik. Idan kuma tsautsayi ya sa wani ya ji wani abu, to bai ji komai ba. Muna roƙa wa Ponkichi hutu mai daɗi, muna roƙa wa wanda ya bari haƙurin tafiya a ƙasa.

Wanda ya karanta ya buga hatiminsa a ƙasan takarda, ya miƙa allon ga gida na gaba. Idan an zo gidan Totsuka, a tsallake.